Katin horon kiyaye haɗari: horo ɗaya da masana'antu da yawa suka amince da shi

A manyan masana'antu, kamar matatun man fetur da gidajen sarrafa sinadarai, ma'aikata iri biyu ne. Akwai na gida, waɗanda kamfanin ya ɗauka da kansa, suna nan shekara da shekaru. Akwai kuma ma'aikatan kwangila: masu walda, masu ɗaura bututu, masu fenti, masu wanke tankuna. Ɗan kwangila ne yake kawo su. Su yi sati uku ko wata biyu, aiki ya ƙare, su kwashe kayansu su nufi wata masana'anta. Galibi ana kiran su ne idan an tsayar da injuna domin babban gyara, lokacin da ake kwance bututu ana shiga cikin tankuna. A lokacin nan ne haɗari ya fi kusa, kuma baƙon da bai san wurin ba shi ne hannunsa yake kan aikin.

Mine ne amincewa da horon juna?

Kafin a bar baƙon ma'aikaci ya shiga ƙofa, dole a koya masa yadda zai kiyaye kansa da abokan aikinsa. Idan kowace masana'anta ta yi nata horon, mutumin da ya yi aiki a wuri shida cikin shekara zai zauna a aji sau shida yana jin magana ɗaya. An ɓata lokaci, an ɓata kuɗi. Wani wurin kuma horon bai wuce ƴan mintoci a bakin ƙofa ba, a ce masa ya sa hannu a takarda ya wuce.

Saboda haka masu masana'antu na yanki ɗaya suke haɗuwa su tsara darasi guda. Su daidaita abin da za a koyar, da wanda ya cancanta ya koyar, da jarrabawar da za a yi a ƙarshe. Wanda ya ci, a ba shi kati mai hotonsa, a rubuta sunansa da ranar horon a cikin kwamfuta. Duk masana'antar da take cikin yarjejeniyar za ta karɓi wannan kati, ko da a wani gari aka bayar da shi.

Inda abin ya samo ƙarfi

A bakin tekun kudancin Amurka, a jihohin Tekzas da Luwiziyana, matatun mai da gidajen sinadarai suna jere kusa da juna. Ranar 23 ga Oktoba 1989, a garin Pasadena kusa da Hiyuston, ma'aikatan wani ɗan kwangila suna buɗe wani bututu da ya toshe a masana'antar roba ta kamfanin Phillips. Akwai bawul, wato marufin da yake tare gaz, wanda ya kamata ya zauna a rufe har a gama aikin. Da iska ake juya wannan bawul ta tiyo biyu, ɗaya na buɗewa, ɗaya na rufewa. Bincike ya nuna an haɗa tiyon biyu a juye. Gaz mai kama wuta ya kwararo, kafin minti biyu ya fashe. Mutum 23 suka mutu. A watan Yuli 1990 wata fashewa a masana'antar ARCO ta Canelbiyu, a yankin nan dai, ta kashe mutum 17.

Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, wadda ake kira OSHA, ta sa aka yi nazari kan ma'aikatan kwangila. Rahoton ya fito a 1991, ya nuna horon da suke samu bai kai na ma'aikatan gida ba. A 1992 hukumar ta kafa doka kan masana'antu masu aiki da sinadarai masu haɗari. Dokar ta raba nauyin gida biyu. Mai masana'anta zai sanar da ɗan kwangila duk haɗarin gobara, fashewa ko gubar da aka sani a wurin, da abin da ake yi idan ta ɓaci. Shi kuwa ɗan kwangila zai horar da kowane ma'aikacinsa, kuma ya ajiye shaida a rubuce: sunan ma'aikacin, ranar horon, da hanyar da aka bi aka tabbatar ya fahimta. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi sauran nauyi, domin zama a aji ba shi ne fahimta ba.

Cibiyoyin horo na garuruwan yankin, waɗanda masu masana'antu da ƴan kwangila suke tallafawa, suka haɗu cikin ƙungiya ɗaya mai suna ARSC. Suka yarda da darasi guda wanda ake kira BOP. Ana gama shi cikin yini ɗaya, a yi jarrabawa, kuma kowace shekara sai an sabunta. Mai walda da ya yi horonsa a Luwiziyana yana iya shiga matatar Tekzas da take karɓar katin ba tare da ya sake zama ajin farko ba.

Abin da ake koyarwa

Darasin bai koya wa kowa sana'a. Mai walda da sana'arsa yake zuwa. Abin da ake koya masa shi ne karanta alamun da ke jikin ganguna da tankuna, da amfani da hular kwano, tabarau, safar hannu, abin toshe kunne da abin rufe hanci. Ana koya masa ɗaura igiyar kariya idan zai yi aiki a bisa, da sharuɗɗan shiga rami ko tanki inda iskar shaƙa take iya ƙarewa ba tare da mutum ya ji warin komi ba.

Akwai darasin kwaɗo. Kafin a taɓa inji, a kashe wutarsa, ma'aikaci ya sa kwaɗonsa a makunnin, ya rataya alama mai sunansa, ya riƙe makullin a aljihunsa. Muddin kwaɗon yana nan, ba mai iya kunna injin alhali hannun wani yana ciki. Akwai kuma takardar izinin aiki: ba a kunna wutar walda, ba a kwance bututu, sai mai kula da sashen ya duba wurin ya sa hannu.

Sauran ƙasashe

A Holan da Beljiyam ana kiran tsarin VCA. Takardar da aka samu a ɗaya ƙasar tana aiki a ɗayar, kuma tana shekara 10 kafin a sabunta. Shekara 10 dai ta yi nisa ga abin da mutum ya ji sau ɗaya a aji. A Birtaniya katin CCNSG horon kwana 2 ne, yana aiki shekara 3. A Faransa gidajen sinadarai da matatun mai suna neman mataki biyu: N1 na yini ɗaya domin ma'aikaci, da N2 na kwana 2 domin shugaban ayari, wanda yake sa hannu a takardun izinin aiki. Ba a karɓar mutum a N2 sai ya iya karanta Faransanci da rubuta shi.

Abin da kati bai iya yi

Katin yana shaida cewa mai shi ya san ƙa'idodin da suke ɗaya a ko'ina. Bai shaida ya san wannan masana'antar ba. Kowane wuri da irin gubarsa, da irin kukan jiniyarsa, da inda ake taruwa idan wuta ta tashi. Shi ya sa, ko a Tekzas, bayan darasin bai ɗaya sai an ƙara wa ma'aikaci darasin wurin da zai shiga. Ɗan kwangilar da ya ce "ai kana da kati, wuce kawai" ya tauye wa ma'aikacinsa rabin horonsa.

Akwai kuma haɗarin da ya fi ƙarfin ma'aikaci, komi iliminsa. Ranar 23 ga Maris 2005 matatar BP ta garin Tekzas Siti ta fashe lokacin da ake tayar da wani sashe bayan gyara. Mutum 15 suka mutu, dukansu ma'aikatan kwangila, kimanin 180 suka ji rauni. Waɗanda suka mutu suna ciki ko kusa da ɗakunan wucin gadi da aka ajiye dab da inda man ya yi ambaliya. Ba su ne suka zaɓi inda za a ajiye ɗakunan ba, kuma ba a kwashe su daga wurin ba kafin a tayar da sashen. Wannan ya faru shekara 13 bayan dokar 1992. Horar da baƙo bai sauke wa mai masana'anta nauyin gyara injunansa da tsara wurinsa ba.

Ga mai neman irin wannan aiki

A Nijar ma akwai wuraren da ƴan kwangila suke kai ma'aikata: matatar SORAZ a arewacin Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, da ma'adinan uraniyom na Arlit, da bututun mai na kusan kilomita 2000 daga Agadem zuwa bakin tekun Benin. Dokar ƙwadago ta ƙasa, ta shekarar 2012, ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya horar da sabon ma'aikaci kan tsabta da kiyaye haɗari, haka ma wanda aka canza wa aiki. Nijar ta kuma amince da yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. Yarjejeniyar ta ce idan kamfani biyu ko fiye suna aiki a wuri ɗaya, wajibi ne su haɗa kai wajen kiyaye lafiyar ma'aikata, kuma matakan kariya ba daga aljihun ma'aikaci za su fito ba.

Idan an ɗauke ku aiki ta hannun ɗan kwangila, ku tambayi wane horo masana'antar take nema, da wanda aka yarda ya bayar da shi. Idan kun gama, ku nemi shaidarku a hannu, mai sunanku da kwanan wata, ku duba ranar da za ta daina aiki. Kada ku sayi kati a hannun dillali, kada ku bari wani ya zauna muku jarrabawa. Ranar da jiniya ta yi kuka, ba mai tsayawa ya fassara muku allo.

A nan ne karatun da kuke yi yake da amfani kai tsaye. Takardar izinin aiki tana ɗauke da sunan sashe, lambar inji, da awar da izinin zai ƙare. Wanda ya iya karanta waɗannan uku zai gane idan an tura shi bututun da ba shi ne aka rufe ba. Idan akwai abin da ba ku gane ba a aji, ku roƙi mai koyarwa ya maimaita da Hausa ko ya nuna da hannu kafin ku sa hannu a takardar halarta.