Nonon Ruga: Na Waye Kuɗin?

Mu da muke zaune a Kudu, daga Sabon Ibadan zuwa Agege, mun saba ganin Bafulatana da ƙwarya a ka tana tallar fura da nono ko wara. Ba kasafai muke tambayar inda kuɗin cinikin yake tafiya ba, alhali wannan tambayar tana da tsohon tarihi.

A al'adar ruga, namiji ke da ikon garke: shi ke kiwo, shi ke yanke shawarar sayar da sa ko saniya. Amma da zarar an tatsi nono an zuba a ƙwaryar mace, ya zama nata. Ita za ta raba na gida da na kasuwa, ta kwantar da kindirmo, ta kaɗa ta fitar da man shanu, ta sayar ta ƙulle kuɗinta. Da shi take sayen gishiri da kayan miya da sabulu, da shi take tara kayan ɗakin 'yarta. Mace ma takan mallaki shanun kanta, ta hanyar sadaki ko kyautar mahaifi. Ba wata ƙungiya ce ta kawo wannan tsari daga waje ba, a gida aka gaje shi.

Turawan mulkin mallaka sun so nonon ya shiga masana'anta. A Vom, kusa da Jos, inda suka kafa cibiyar binciken lafiyar dabbobi a 1924, an riƙa sarrafa bota da cuku musamman lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan 'yancin kai gwamnatoci suka bi sawu, aka yi dokar keɓe burtali da wuraren kiwo ta 1965 a Arewa, aka gina masana'antun madara a Kaduna da wasu garuruwa. Jami'an da ake turawa maza ne, kuma da maigida suke zama.

Wata mai bincike, Ann Waters-Bayer, ta zauna da Fulanin Abet a kudancin Kaduna a farkon shekarun 1980, ta kuma gano inda gizo ke saƙa. Maza ne ke tatsa, kuma hankalinsu ya fi karkata ga ɗan maraƙi ya sha ya girma, domin a nan ribarsu take. Mata kuwa abin da suke samu idan sun sayar da kansu a kasuwa ya fi farashin da masana'anta ke biya. To ka ga ana lallashin wanda nonon ba nasa ba, ana kuma yi wa mai nonon tayin asara. Ba abin mamaki ba ne da yawancin masana'antun suka koma dogaro da madarar gari ta ƙasashen waje.

Yanzu zancen ya iso ƙofarmu. Tun wajen 2011 kamfanin da ke yin madarar Peak ya buɗe cibiyoyin karɓar nono a jihar Oyo, irin su Fasola da Iseyin, kuma matakin Babban Bankin Nijeriya na 2019 kan shigo da madara ya ƙara tura kamfanoni ruga. Akwai alheri a ciki. Matar da take takawa da ƙwarya cikin rana, nonon ma ya tsinke kafin ta sayar, ta sami mai saye kullum da safe.

Sai dai nono ɗanye ake kaiwa cibiya, a garwa bisa babur, kuma mai babur namiji ne. Idan sunan mai garke aka rubuta a rajista, asusunsa kuɗin zai shiga, ko da bai yi niyyar ƙwace komai ba. A ganinmu nan ne ya kamata sarakunan Hausawa da arɗo-arɗo na yankunanmu su sa baki tun kafin a buɗe sabuwar cibiya: a rubuta matan da sunayensu, a buɗe wa kowace asusunta, a kuma sa su cikin shugabancin ƙungiyar da ke daidaita farashin lita.