Yadda garin Trollhättan ya hana a yi gwanjon tarihin Saab

Ranar 19 ga Disamba, 2011, kamfanin ƙera motoci na Saab ya miƙa wa kotu takardar karayar arziki. A garin Trollhättan na ƙasar Suwidin, inda motocinsa suke fitowa tun 1949, ma'aikata fiye da 3,000 suka wayi gari ba aikin yi. Dama tun watanni kafin haka ƙira ta tsaya, domin masu kawo kayan haɗi sun gaji da bin bashi. Attajiran Sin sun so saye, amma General Motors, wanda ya yi kusan shekara 20 da hannu a kamfanin kafin ya sayar wa Spyker na Holan a 2010, ya ƙi yarda fasaharsa ta koma can.

Idan kamfani ya karye, doka ba ruwanta da abin tarihi. Komai kadara ce, a sayar a biya masu bin bashi. Haka lauyoyin da aka ɗora wa rabon dukiyar suka sa gidan tarihin Saab a kasuwa, motoci kusan 120, kowa ya taya wadda yake so. A cikinsu har da Ursaab, baƙar motar nan mai siffar fiffiken jirgi da aka nuna wa duniya a 1947, wadda injiniyoyin jirgin sama suka ƙera, mutanen da ba su taɓa yin mota ba. Akwai ƙananan motocin tsere irin waɗanda Erik Carlsson ya ci gasar Monte Carlo da su a 1962 da 1963, akwai kuma motocin gwaji da ba a taɓa kai su kasuwa ba.

Da an rabar da su, da kowace ta shige garejin wani mai kuɗi, ya rufe da kwaɗo. Ni a ganina wannan asara ta fi ta rufe masana'antar ciwo, domin sai an jera motocin kusa da juna ake ganin yadda tunanin maƙeransu ya taso: daga ƙaramin inji mai hayaƙi na Saab 92 zuwa turbo na Saab 99, da dalilin da ya sa suka ɗauke makulli daga gefen sitiyari suka mai da shi tsakanin kujerun gaba, don kada ya fasa gwiwar direba a haɗari.

A Janairun 2012, hukumar garin ta haɗa kai da kamfanin jiragen sama na Saab AB da wata gidauniyar iyalan Wallenberg, suka biya krona miliyan 28, suka sayi tarin gaba ɗaya.

Sauran tarihin yana hannun talakawan masoya. Su ne suke bin takardun talla, littattafan gyara, tamburan gaban mota da hotunan ma'aikata, suna taruwa a Trollhättan da tsofaffin motocinsu. Masana'antar kuwa, kamfanin NEVS da ya saye ta a 2012 ya ƙera 'yan motoci kaɗan, kuɗi suka yanke masa a 2014, aka kuma karɓe masa izinin amfani da sunan Saab.