Kunnen Hukuma da Asirin Talaka: Darasi daga Damagaram

Yau za mu duba tarihi, mu tambayi kanmu: ina iyakar hukuma wajen sauraren asirin mutane?

Kun san Zinder, babban birnin Damagaram. A 1899 sojan Faransa suka ci garin, suka naɗa Amadu ɗan Basa sarki. Amma ba su saki jiki da mutanen gari ba. Ba su jin Hausa sosai. Sai suka dogara ga tafintoci da masu kai musu rahoto.

A farkon 1906 aka yi tawaye a Satiru, kusa da Sakkwato, aka kashe Turawan Ingila. Tsoro ya kama Faransawan Zinder. Ana cikin haka aka kai musu labari, wai sarki da manyan gari suna shirin hallaka su. Nan da nan aka kama sarki, aka tuɓe shi, aka kai shi Kodebuwa. Aka kama Malam Yaro, babban attajirin garin. Aka damƙa gari a hannun Ballama, wani bawan fada. Damagaram ta zauna babu sarki har 1923, lokacin da aka naɗa Barma Mustafa.

Ku lura da kyau. Wanda ya ji rahoton, shi ya yi kamu, kuma shi ya yanke hukunci. Babu wani alƙali mai zaman kansa da zai ce, a kawo shaida. Shi ya sa har yanzu masana tarihi suna gardama a kan gaskiyar wannan makirci.

A zamaninmu ba sai an aiki ɗan rahoto ba. Salular da ke aljihunka ta san inda ka kwana, da wanda ka kira, da kuɗin da ka aika.

Hukuma tana da hujjarta. Tun 2015 Boko Haram suka fara kai hari a Diffa, maƙwabciyar jihar Zinder. Masu ɗaukar makami da waya suke shirya ta'asa. In ba a ji su ba, rayuka za su salwanta.

Talaka ma yana da tasa hujjar. Ciwonsa, da bashinsa, da maganarsa da iyalinsa, nasa ne. Don haka a 2017 Nijar ta yi dokar kare bayanan mutum, aka kafa hukuma mai suna HAPDP don ta tsare su. A 2022 aka sabunta dokar. A 2020 kuma majalisar dokoki ta ba gwamnati ikon sauraren waya saboda tsaron ƙasa, da iznin shugaban ƙasa. Ƴan adawa suka fice daga zauren. Suka ce alƙali ya kamata ya ba da izni.

To, jama'a, tsaro wajibi ne. Amma abin da ya sami Damagaram ya nuna mana kunne shi kaɗai ba ya shari'a. Mai saurare yana bukatar wanda zai tambaye shi: wa ka saurara, don me, har yaushe?

Kai kuma da ka iya karatu, kada ka sa hannu a takarda sai ka karanta. In an nemi lambarka ko katinka, tambayi dalili.

Ku tattauna wannan a ajinku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.