Tarihin Kantar Yatsa: Yadda Wayar Ƙarfe Ta Shiga Jita

A nan Legas jita ba baƙuwa ba ce. Tun farkon ƙarni na 20 ma'aikatan jirgin ruwa 'yan ƙabilar Kru daga Laberiya suka yaɗa salon kaɗa ta a garuruwan bakin teku, kuma kiɗan juju na Yarbawa da ita ya girma. Shi ya sa yaranmu da suka tashi a Agege ko Idi-Araba sukan yi sha'awarta. To amma da yawa ba sa wuce sati biyu, domin kan yatsu ya yi ja, ya yi bororo, sai a jingine jitar a bango. Masu koyarwa kuma su ce wai dole a sha wuya kafin kanta ta fito. Wannan magana akwai gaskiya a cikinta, amma idan mai karatu ya bi tarihin tsirkiyar jita zai ga cewa rabin gaskiyar ce.

Shekaru aru-aru, da hanjin tumaki ake yin tsirkiyar jita a Turai, masu kaurin kuma da zaren siliki da aka naɗe da siririyar waya. Irin wannan tsirkiya tana da taushi a yatsa, sai dai muryarta ba ta nisa, ga saurin tsinkewa, ga tsada. A Amurka, daga ƙarshen ƙarni na 19, makaɗa suka fara komawa wayar ƙarfe saboda araha da ƙara, domin a wurin rawa banjo da goge kan danne muryar jita. A shekarun 1920 kamfanin Martin ya koma ƙera jitocinsa da ƙarfin da zai jure wayar ƙarfe. Daga nan ne ciwon da muke magana a kai ya zama ruwan dare. Wayoyi shida na ƙarfe suna jan wuyan jita da nauyin kimanin kilo 70, alhali na jitar gargajiya ta Sifen ba su wuce kimanin kilo 40 ba. Wato dai, yatsa ne ya biya kuɗin ƙarar da ake nema.

Ita kanta ba wani abin mamaki ba ce. Fatar waje ce ke ƙara kauri idan ana yawan matsa mata, kamar yadda fartanya ke yi wa tafin hannun manomi. Takan fara fitowa cikin sati biyu zuwa huɗu, kuma idan aka daina kiɗa sai ta tafi.

Bayan haka, Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo wani sauyi. Hanjin dabbobi ya yi ƙaranci saboda ana amfani da shi wajen ɗinkin tiyata, har shahararren makaɗin Sifen, Andrés Segovia, ya rasa tsirkiya mai kyau. Wani maƙerin jita a birnin New York, Albert Augustine, ya yi aiki da shi a kan zaren nailan na kamfanin DuPont, kuma wajen 1948 tsirkiyar nailan ta shiga kasuwa. Har yau ita ce mafi sauƙi ga mai koyo. Haka kuma a Kalifoniya, wani malamin jita mai suna Ernie Ball ya lura cewa ɗalibansa suna wahalar danne wayoyi masu kauri. Ya nemi kamfanin Fender ya yi sirara, suka ƙi, sai ya fito da nasa a 1962 da sunan Slinky.

Akwai kuma waɗanda matsalarsu ta wuce bororo. A 1928 gobara ta ƙone hannun hagun Django Reinhardt, yatsunsa biyu suka shanye. Sai ya sake tsara yadda yake danne waya, yana dogara da manuniya da ɗan tsakiya, kuma a 1934 ya kafa ƙungiyar kiɗan jaz a Faris tare da Stéphane Grappelli, wadda ta yi suna a duniya. A 1965 kuma, a birnin Birmingham na Ingila, injin masana'anta ya yanke kan yatsu biyu na Tony Iommi yana ɗan shekara 17. Shugabansa a wurin aiki ne ya sa masa faifan Django don ya ƙarfafa masa gwiwa. Iommi ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun murfi, ya lulluɓe da fata, ya sa siraran wayoyin banjo, daga baya kuma ya sassauta ɗaurin wayoyin. Sassautawar ta ƙara wa kiɗan ƙungiyarsa ta Black Sabbath nauyin da aka san ta da shi.

Ko a maƙwabciyarmu Nijar, Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko yana yaro, saboda babu halin samun wata. Wannan larura ce, kuma da ya samu dama ya koma jitar lantarki.

A taƙaice dai, manyan makaɗa sun jure ciwon da ba makawa, sauran kuwa dabara suka nema masa. Saboda haka iyaye da yayyen da ke saya wa yaro jita, a duba tazarar da ke tsakanin waya da wuyan jitar, domin jita mai araha takan zo da tazara mai yawa, kuma mai gyara na iya rage ta. A fara da nailan ko siraran wayoyi, a yi minti 10 zuwa 15 kullum maimakon awa biyu a rana ɗaya, kuma idan bororo ya fashe a bari ya warke tukuna. Sannu ba ta hana zuwa.