Fadamar Haɗeja da Baƙinta

Kogin Haɗeja yana tasowa ne daga ƙasar Kano, ya ratsa Jigawa, ya haɗu da Kogin Jama'are su zama Komadugu Yobe mai kwarara zuwa Tafkin Chadi. Da yake ƙasar Haɗeja shimfiɗaɗɗiya ce, duk damina sai ruwa ya fantsama ya mamaye fadamu, idan ya janye ya bar laka mai albarka. Wannan laka ita ta tara jama'a. Auyokawa, waɗanda harshensu ya ɓace, da Badawa da Ngizimawa da Mangawa da Hausawa da Fulani, duk a nan suka sami abin rayuwa. Manomi ya shuka shinkafa, masunci ya kafa koma, makiyayi ya sauko da shanunsa da rani, kowa da lokacinsa a fili ɗaya.

Duk wanda ya mallaki wannan fadama ya mallaki ƙarfi. Da arzikinta Sarki Buhari ya bijire wa Sakkwato har rasuwarsa a 1863. A 1906 Turawan Ingila suka ci garin da yaƙi, Sarki Muhammadu ya yi shahada. Daga baya layin dogo daga Kano zuwa Nguru ya bi ta Malam Madori, ya kawo fatake da ma'aikata daga nesa.

Babban sauyi ya zo ne daga saman kogin. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun canza tafiyar ruwa. Ambaliyar da manoma suka saba lissafi da ita ta ragu, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa, sai wani yanki ya bushe, wani ya nutse. Da fili ya ƙuntata, gona da burtali suka fara cin iyakar juna.

Sababbin baƙi su ne Sinawa. Tun shekarun 1960 masu masana'antu da suka fito daga Hong Kong suka zauna a Kano, daga baya 'yan kasuwa daga Sin suka shigo Kantin Kwari da yadi. Yanzu hankalinsu ya kai ga noma a Jigawa. Shirin noman rake na kamfanin Lee Group a Gagarawa, maƙwabciyar ƙasar Haɗeja, ya jawo taƙaddama kan gonaki da diyya.

Tarihin fadamar ya nuna cewa baƙo bai taɓa zama abin tsoro a Haɗeja ba, domin da baƙi aka gina ta. Sai dai na da sun shigo ne cikin tsarin rabo da suka tarar, mai jari kuwa shinge yake so da takardar mallaka. Aikin da ke gaban gwamnati da masarauta shi ne tabbatar da cewa duk yarjejeniyar da za a ƙulla ta bar wa masunci mashigarsa, makiyayi burtalinsa, manomi kuma gonar gadonsa.