Tarihin Takardar Girki a Ginin Babbar Manhaja: Daga Make Zuwa Yocto

1.0 Gabatarwa

Na'urar rarraba intanet ta gida, da talabijin na zamani, da allon da ke gaban direba a sababbin motoci, kowannensu kwamfuta ce ƙarama, kuma da yawansu babbar manhajar Linux ce ke gudanar da su. Sai dai ba Linux ɗin kwamfutar ofis ba ce. An yanka ta ne daidai jikin na'urar, an dunƙule ta cikin fayil guda, wanda ake zuba wa ma'adanar na'urar a masana'anta. Wannan fayil shi za a kira "dunƙule" a nan. Ana samar da shi ta hanyar rubuta bayanin abubuwan da za su shiga ciki da matakan haɗa su, sannan a miƙa bayanin ga wata manhaja da ake ba umarni a rubuce. Masana fannin sun ari sunan wannan bayani daga ɗakin girki, don haka za a kira shi "takardar girki". Maƙalar ta bibiyi yadda wannan dabara ta samu da kuma dalilin da ya sa ta zama wajibi.

2.0 Tushen Dabarar

Mai tsara manhaja yana rubutu ne da harshen da mutum ke iya karantawa, sannan a juya rubutun zuwa harshen na'ura. Idan fayilolin sun yi yawa, mantuwa kan shigo: a gyara ɗaya, a manta da sake juya waɗanda suka dogara da shi. A shekarar 1976, Stuart Feldman na cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka ya ƙirƙiro Make domin magance wannan. A cikin fayil guda ake rubuta abin da ake son samarwa, da abin da ya dogara da shi, da umarnin samar da shi. Make tana duba lokacin da aka taɓa kowane fayil, ta sake gina abin da ya tsufa kaɗai.

Bayan Linus Torvalds ya fitar da zuciyar Linux a 1991, kuma Ian Murdock ya kafa Debian a 1993, matsalar ta girma daga manhaja ɗaya zuwa ɗaruruwa. A 1994 tsarin FreeBSD ya fito da tarin fayiloli, kowanne yana bayyana inda za a ɗauko wata manhaja da yadda za a gina ta. A 1999 Gerard Beekmans ya fara littafin Linux From Scratch, wanda ke koyar da gina tsarin gaba ɗaya da hannu, umarni bayan umarni. Gentoo ta Daniel Robbins, wadda fitowarta ta 1.0 ta zo a 2002, ta mayar da irin waɗannan matakai aikin wata manhaja mai suna Portage.

3.0 Ƙananan Na'urori da Haihuwar OpenEmbedded

Duk waɗannan hanyoyi sun fi dacewa da kwamfutar da za ta gina wa kanta manhaja. Ƙananan na'urori ba su da wannan ƙarfi. Misali, kwamfutar aljihu ta Sharp Zaurus SL-5500, wadda kamfanin Japan ya fitar da Linux a cikinta, megabait 64 kacal gare ta na ƙwaƙwalwar aiki. Dole a yi ginin a babbar kwamfuta, amma da harshen ƙaramar na'urar, wanda ya bambanta da na babbar. Wannan aiki yana da wuyar sha'ani, domin manhajoji da yawa kan gwada kansu a kan kwamfutar da ake gina su, su ɗauka a nan za su zauna.

Masu sha'awar waɗannan na'urori sun rabu ƙungiya-ƙungiya: OpenZaurus ga Zaurus, Familiar ga iPAQ ta Compaq, OpenSIMpad ga SIMpad ta Siemens. Kowace tana fama da matsala iri ɗaya ita kaɗai. Da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a 2003 Chris Larson da Michael Lauer da Holger Schurig suka kafa OpenEmbedded domin haɗa aikin wuri guda. A ƙarshen 2004 aka raba shi biyu: tarin takardun girki a gefe guda, manhajar da ke aiwatar da su a ɗaya gefen. Wannan manhaja ita ce BitBake, wadda aka rubuta da harshen Python, aka kuma ɗauki darasi daga Portage wajen tsara ta. Amfanin rabuwar shi ne, ana iya gyara mai girki ba tare da taɓa takardun ba, ana kuma iya ƙara takardu ba tare da taɓa mai girki ba.

4.0 Yadda Takardar Girki Take Aiki

Kowace takarda tana ɗauke da adireshin da za a ɗauko rubutun manhajar, da lasisinta, da sunayen manhajojin da dole a gina kafin ita. BitBake tana karanta takardun duka, ta jera wanda zai riga wani, sannan ta bi matakai: ɗaukowa, buɗewa, liƙa gyare-gyare, daidaitawa, juyawa zuwa harshen na'ura, da ƙunshewa. Dunƙulen kansa takarda gare shi, mai lissafa ƙunshe-ƙunshen da za su shiga ciki. Umarni ɗaya, kamar bitbake core-image-minimal, ya isa ya tayar da dubban ayyuka.

Akwai dabaru biyu da suka ba tsarin daraja. Ta farko, ana jera takardun hawa-hawa: hawa na tushe, hawa na kamfanin da ya ƙera allon na'ura, da hawa na mai sayar da ita. Na sama yana iya ƙari a kan takardar na ƙasa ba tare da ya goge ta ba. Ta biyu, takarda tana riƙe da hatimin lissafi na rubutun lasisi. Idan masu manhajar suka canja rubutun, ginin zai tsaya har sai mutum ya duba.

5.0 Shigowar Kamfanoni

Richard Purdie na kamfanin OpenedHand da ke Ingila ya tsamo wani ɓangare na OpenEmbedded ya tace shi, aka sa masa suna Poky. Intel ta sayi OpenedHand a 2008. A watan Oktoba na 2010 Gidauniyar Linux ta sanar da Yocto Project bisa tushen Poky, kuma a 2011 aka daidaita da OpenEmbedded kan tushe guda na takardu. Sunan Yocto daga ma'aunin kimiyya aka aro shi, inda yake nufin abu ƙanƙani ƙwarai. Ana fitar da sabon zubi sau biyu a shekara, wajen Afirilu da Oktoba. A 2020 aka fara fitar da zubi mai dogon tallafi da Dunfell, Kirkstone ta biyo baya a 2022, sai Scarthgap a 2024. Automotive Grade Linux na motoci da OpenBMC na kula da manyan kwamfutoci duk a kan wannan tushe aka gina su.

Yocto ba ita kaɗai ce a fage ba. Buildroot, wadda ta faro daga aikin Erik Andersen, ta tsaya a kan Make saboda sauƙi, kuma tun 2009 take fita duk wata uku. Kamfanin Collabora kuwa ya gabatar da debos a 2018. Ita ba ta gina komai daga tushe. Tana ɗaukar ƙunshe-ƙunshen Debian da aka riga aka gina, ta bi takarda mai tsarin YAML: kafa tushe, ƙara manhajoji, shimfiɗa fayiloli, raba ma'adana. Tana yin aikin cikin kwamfutar kwaikwayo domin kada yanayin kwamfutar mai gini ya gurɓata sakamakon. Mai amfani da ita ya samu sauri da gyare-gyaren tsaro na Debian, ya kuma rasa ikon yanka kowace manhaja yadda ya so.

6.0 Dalilin Muhimmancin Al'amarin

A 2007 aka shigar da ƙarar kamfanin Monsoon Multimedia a Amurka saboda ya sa BusyBox a na'urorinsa bai bayar da rubutun tushe ba, kamar yadda lasisin GPL ya shar'anta. A 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, a 2016 kuma manhajar ɓarna ta Mirai ta kame ɗimbin kamarori da na'urorin intanet masu kalmar sirri ta masana'anta. Tambaya ɗaya ce ta fuskanci masu ƙera na'ura a duk lokutan: me ke cikin abin da aka sayar, kuma ana iya sake gina shi? Wanda ya haɗa dunƙulensa da hannu, amsar tana cikin kan ma'aikacin da wataƙila ya bar aiki. Mai takardar girki kuwa zai canja lambar zubi a takarda ɗaya, ya sake gini. Tun 2021 Yocto take iya fitar da jerin kayan da ke cikin dunƙule bisa tsarin SPDX, kuma dokar tsaron kayan dijital ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a Disamba 2024, ta nemi masu ƙera kaya su riƙe irin wannan jeri.

7.0 Kammalawa

Daga Make ta 1976 zuwa debos ta 2018, abin da ya canja shi ne girman abin da ake rubutawa: da farko manhaja ɗaya, daga baya tsari sukutum. Amma takarda ba ta gyara kanta. Na'ura kan yi shekara goma ana amfani da ita, alhali zubin Yocto mai dogon tallafi shekara huɗu ake kula da shi. Saboda haka ɗalibin wannan fanni ya kamata ya koyi sabunta tsohuwar takarda kamar yadda yake koyon rubuta sabuwa.