Daga Fagen Kokawa zuwa Majigi: Sake Duban Rayuwar Dara Singh

Masu rubuta tarihin fim ɗin Indiya sun saba raba rayuwar Dara Singh gida biyu, su ce da fari ɗan kokawa ne, daga baya ya koma ɗan fim. Rabon yana da daɗin koyarwa a aji, sai dai yana ɓoye abin da ya fi muhimmanci. Hujjata a nan ita ce, sana'a ɗaya mutumin nan ya yi kusan shekara sittin, wato tsayawa a gaban talakan Indiya da jikin da suka yarda da shi. Fage ne kawai ya riƙa sauyawa, daga da'irar kokawa zuwa majigi, daga majigi zuwa talabijin, har ta kai shi zauren majalisa.

An haife shi a 1928 a ƙauyen Dharmuchak da ke yankin Amritsar a Punjab, a gidan manoma mabiya addinin Sikh. A 1947, shekarar da aka raba Indiya da Pakistan, aka kuma tsaga Punjab biyu cikin zubar da jini, ya tafi Singafo neman abin kai wa baki. Ya yi aikin ƙarfi a masana'anta, kuma a can ya shiga hannun wani mai horarwa, Harnam Singh. Ya kamata a lura da irin kokawar da ya koya. Kokawar gargajiyar Indiya, wadda masani Joseph Alter ya yi wa littafi guda a 1992, a kan jar ƙasa ake yin ta, ƙarƙashin malami, da dokokin ci da sha da kame kai. Wadda Dara ya yi suna da ita kuwa ta dandamali ce mai igiyoyi, wadda ake sayen tikiti a kalla, mai masu shirya wasa da masu talla. Ya zama zakaran Indiya a 1954, ya ci kambin ƙasashen renon Ingila a 1959, sannan a 1968 ya kayar da Ba'amurke Lou Thesz a Bombay, aka naɗa shi zakaran duniya.

A nan ne masu suka ke tsayawa. Suna cewa irin wannan kokawa akan tsara ta tun kafin a hau dandamali, don haka nasarorin ba su da nauyin na gasar Olamfik. Ban musa cewa akwai tsari a cikin sana'ar ba. Amma wannan suka, idan aka bi ta a hankali, hujjata take ƙarfafawa. Tun a 1957 masani Roland Barthes ya nuna cewa mai kallon irin wannan kokawa ba sakamako ya zo nema ba, ya zo ne ya ga an hukunta mugu a gaban idonsa. Ke nan Dara ya riga ya zama ɗan wasan kwaikwayo tun kafin kyamara ta same shi. Ya san lokacin da zai bari a galabaitar da shi har 'yan kallo su fara fidda rai, ya san lokacin da zai miƙe. Kuma tsari ba ya ɗaga ƙato sama. Dantse ne ke ɗagawa. Babban abokin karawarsa, Emile Czaja, haifaffen Hangari da ake wa laƙabi da King Kong, ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Ga mutanen da Bature ya mulka har jiya-jiya, ganin ɗan ƙauyen Punjab ya sunkuci farin ƙato ya maka shi da ƙasa ya wuce nishaɗi. Huce haushi ne a bainar jama'a.

Ya fara leƙa fim a Sangdil a 1952, amma sai a 1962 ya ja ragama, a fim ɗin Babubhai Mistry mai suna King Kong. Furodusoshi ba su ɓoye abin da suke sayarwa ba, sunan abokin gabarsa na fage suka liƙa wa fim ɗin. Daga nan aka shiga jerin finafinai masu araha irin su Faulad, Samson da Hercules, waɗanda suka ɗebi salo daga finafinan ƙarti da Italiya ke fitarwa a lokacin, kamar yadda masaniya Valentina Vitali ta bayyana a nazarinta na finafinan faɗa na Hindi. Manyan masana'antar fim sun raina su. Hindinsa na ɗauke da nauyin harshen Punjabi, fuskarsa ba ta iya lanƙwasa irin ta jarumi Dilip Kumar ba, manyan jarumai mata kuma ba su cika son fitowa tare da shi ba. Wata yarinya mai tasowa, Mumtaz, ita ta fito tare da shi a finafinai 16, kuma ta nan ta hau har ta zama tauraruwa.

To me ya sa lebura da direba da ɗan dako suka riƙa cika silima? Domin sun shigo da shaidarsu daga waje. Idan wani jarumi ya doke mutum goma a majigi, ɗan kallo ya san aikin darakta ne. Idan Dara ya yi, akwai wanda zai rantse cewa ya gan shi ya yi makamancin haka a filin wasa, ko yayansa ya gani. Wannan yarda ita ce jarinsa, kuma babu makarantar koyon wasa da ke bayar da ita. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba. Shago ya yi dambensa a gaban waɗanda suka halarta, amma kiɗan Ɗan Anace ne ya kai sunansa inda ƙafarsa ba ta taka ba, kuma waƙar ta karɓu ne saboda an san akwai dambe na gaske a bayanta. Aikin da makaɗi ya yi wa Shago shi majigi ya yi wa Dara, da bambanci ɗaya: Dara ya sa hannu a kan kalangun da kansa. Ya shirya finafinan Punjabi, ciki har da Nanak Dukhiya Sub Sansar na 1970, ya kuma kafa ɗakin shirya fim nasa a Mohali a 1978.

Tsufa shi ne jarrabawar duk wanda ke ci da jikinsa, kuma da yawa a nan suke faɗuwa. Dara ya bar kokawa a 1983, sai masana'antar ta mayar da ƙarfinsa gado. Masu kallon finafinan Indiya a Kano da Zinder da suka ga Mard na 1985 za su tuna shi a matsayin mahaifin Amitabh Bachchan, sarkin da Turawa suka zalunta. Ma'anar zaɓen a fili take: jarumtar ɗan tana buƙatar tushe, sai aka nemo uban da ba a jayayya da ƙarfinsa. Haka ya ci gaba har zuwa Jab We Met na 2007, inda ya fito a kakan gida mai faɗa a ji, shekara biyar kafin rasuwarsa a Mumbai a 2012.

Rawar da ta fi kowace tasiri, ta kuma fi buƙatar a dube ta da idon basira, ita ce ta Hanuman a shirin Ramayan na Ramanand Sagar, wanda gidan talabijin na gwamnati, Doordarshan, ya riƙa nunawa kowace safiyar Lahadi daga 1987 zuwa 1988. Yana dab da shekara sittin a lokacin. A addinin Hindu, Hanuman shi ne majiɓincin 'yan kokawa, ana ajiye siffarsa a wuraren horonsu, kuma ana ɗaukarsa misalin ƙarfin da ya miƙa wuya ga hidima. Da ɗan kokawan da ƙasa ta fi sani ya sa wannan kama, sai tazarar da ke tsakanin ɗan wasa da abin da yake kwaikwaya ta kusan ɓacewa a idon miliyoyin masu kallo. Akwai kyau a cikin lamarin, ganin cewa ɗan Sikh ne ya ɗauki rawar, 'yan shekaru kaɗan bayan kisan gillar da aka yi wa Sikh a Delhi a 1984. Amma akwai abin damuwa kuma. Masani Arvind Rajagopal ya nuna yadda shirin ya share wa siyasar kishin Hindu hanya, siyasar da ta kai ga rushe masallacin Babri a 1992. Ba na ɗora wa Dara alhakin wannan, domin rawa aka ba shi ya taka. Sai dai yardar da ya tara daga talaka na kowane addini, tun yana kayar da ƙarti a fage, ta zama kadarar da wasu za su iya ara, kuma sun ara.

Ya shiga jam'iyyar BJP mai kishin Hindu a 1998, kuma a 2003, zamanin gwamnatin Atal Bihari Vajpayee, aka naɗa shi ɗan majalisar dattawa ta Rajya Sabha, inda ya zauna har 2009. Ana yawan ambaton cewa shi ne ɗan wasan motsa jiki na farko da aka yi wa wannan naɗi. Gaskiya ne, amma a lokacin shekara ashirin ke nan rabonsa da kokawa, kuma Indiya ba ta rasa zakarun hoki da kurket da suka ciyo mata kofuna ba. A ganina, wanda aka bai wa kujerar shi ne Hanuman na safiyar Lahadi.